Takalmin Soja da Fatar Maigatari: Ina Rabon Jigawa a Cinikin Kayan Soja?



An ɗora mini nauyin yin magana a kan sayen kayan soja, da kuma irin rabon da masu sana'a da 'yan kasuwar wannan jiha tamu za su iya samu a cikinsa. Na tabbata akwai waɗanda da jin kan maganar suka ce a ransu, me ya haɗa kifi da kaska? Ina ruwan Dutse, garin duwatsu da dabino, da cinikin igwa da jirgin yaƙi? Tambayar tana bisa hanya, amma ta taso ne daga wata fahimta da ta daɗe tana cutar da mu, watau ɗaukar da muke yi cewa kayan soja bindiga ce da harsashi kurum. Ku dubi soja guda a bakin shingen hanyar Kano ko ta Birnin Kudu, ku ƙirga abin da ke jikinsa tun daga ƙafa. Akwai takalmi da safa, akwai wando da riga da ɗamara, akwai hula da jakar goyo da gorar ruwa. In dare ya yi yana bukatar bargo da gidan sauro da tanti, kuma sau uku a yini sai ya ci abinci, ko ana yaƙi ko ana zaman lafiya. Bindigar da ke kafaɗarsa za ta iya shekara ashirin tana aiki. Takalminsa kuwa, in a dajin Sambisa ko na Zamfara yake, da wuya ya ga baɗi. Saboda haka abin da zan yi ƙoƙarin nunawa shi ne, rabonmu yana ƙasa da gwiwar soja da cikin tukunyarsa, kuma ba za mu same shi ba sai mun zama masu yin kaya da hannunmu, mun bar zama dillalan kayan wasu.

Kafin in kai can, bari mu ɗan waiwaya, domin ƙasar nan ba baƙuwar wannan sana'a ba ce. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. To, lifidi mene ne in ba auduga da ɗinki ba? Manomi ya noma, mata suka kaɗa zare, masaƙi ya saƙa, maɗinki ya cusa ya ɗinke, sa'an nan barde ya ɗaura wa dokinsa. Maƙeri ke ƙera mashi da takobi da linzami, baduku ke yin sirdi da kube da kwari, majemi ke jeme ƙirgin garkuwa. Rundunar sarki kasuwa ce ga rabin masu sana'ar gari. Amma wannan littafi ya kuma ba mu wani labari dabam. A zamanin Sarki Kumbari, daga 1731 zuwa 1743, wanda ya kawo yaƙi har nan Dutse, aka soma kawo garkuwa daga Nufe, aka kuma kawo bindigogi. Shi ne kuma sarkin da ya tsananta haraji a kasuwar Kurmi har ta kusa mutuwa, fatake suka tashi suka koma Katsina. Ban ce sayen makaman ne kaɗai ya jawo harajin ba, amma duk wanda ke karatun tattalin arziki a cikinmu ya san cewa kayan da aka yi a gida kuɗinsu a gida suke kewayawa, waɗanda aka sayo kuwa sai an tatsi wani kafin a biya.

Maƙwabtanmu na arewa sun gwada wata hanya. A Damagaram, a zamanin Sarki Tanimu a ƙarni na 19, maƙeran birnin Zindar sun zuba igwa, an kuma haɗa albarushi a gida. Duk da haka ƙarshen ƙarnin bai yi wa kowa daɗi ba. A 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a Brasels, suka hana sayar wa yawancin Afirka bindigogin zamani, su kuwa suka zo da nasu. Kano ta faɗi a Fabrairun 1903. A Afrilun 1906 aka gwabza a Haɗeja, Sarki Muhammadu ya yi shahada tare da manyan bayinsa da jarumansa. Ba ƙarancin zuciya ya kayar da su ba. Wanda ke sayar maka da makami, ranar da ya so sai ya rufe ƙofa.

Wannan darasi ne ya sa shugabannin jamhuriya ta farko, a lokacin da Alhaji Muhammadu Ribaɗu ke Ministan Tsaro, suka kafa kamfanin ƙera makamai na ƙasa, watau DICON, a Kaduna a 1964, da taimakon wani kamfanin Jamus ta Yamma mai suna Fritz Werner. An fara da bindigogi da harsasai. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967 sai aka ga amfaninsa, aka kuma ga iyakarsa, domin sojan da bai wuce kimanin 10,000 ba kafin yaƙi ya kumbura ya kai wajen 250,000 a 1970. Amurka ta ƙi sayar da makamai, Ingila ta yi ta jan ƙafa a kan jiragen yaƙi, dole Janar Gowon ya juya wajen Tarayyar Sobiyet ya samo jirage samfurin MiG. Da an yi hankali, da bayan yaƙin an zuba jari a Kaduna. Maimakon haka sai kuɗin mai ya shigo, sayowa ta fi ƙerawa sauƙi, ta kuma fi ta romo, har ta kai masana'antar da aka gina don makamai ta koma yin kujeru da tebura don ta ciyar da kanta.

Ga abin da ya fi ci mini rai a wannan tarihi. Shekara biyar bayan kafa DICON, watau a 1969, ƙasar Birazil ta kafa kamfanin jiragen sama na Embraer. A 2018 Nijeriya ta ɗebi dala miliyan 496 daga asusun rarar mai ta biya kuɗin jirage 12 samfurin Super Tucano, waɗanda wannan ƙanen na DICON ya zana, aka harhaɗa su a Amurka, shida na farko kuma ba su iso ba sai a Yulin 2021. A shekarun da aka yi ana jira, mutane nawa aka binne a Barno da Yobe? Ko kafin nan, a 2014, Amurka ta hana a sayar mana da jirage masu saukar ungulu samfurin Cobra, har ta kai a Satumban wannan shekara hukumomin Afirka ta Kudu suka kama dala miliyan 9.3, kuɗi tsaba, a cikin wani ƙaramin jirgi da ya taso daga Nijeriya da sunan sayen makamai. Ƙasa mai 'yanci ta koma yawo da kuɗi a akwati kamar mai fasa-ƙwauri.

Dole kuma in taɓo ɓangaren da ba a son taɓawa, tun da yake a zauren nan akwai waɗanda gobe su za su riƙe fayil. Sayen kayan soja a ƙasar nan ya daɗe yana zama rijiyar da ba a ganin ƙasanta. A 1974 zuwa 1975 hukumomin gwamnati suka yi odar siminti tan miliyan 20, tan miliyan 16 daga ciki na Ma'aikatar Tsaro ne da sunan ginin barikoki, har jiragen ruwa sama da 400 suka yi cirko-cirko a bakin tashar Ikko, ana biyan su kuɗin jira, siminti yana daskarewa a cikinsu. Bayan shekara arba'in, a Agustan 2015, Shugaba Buhari ya naɗa kwamitin binciken sayen makamai tun daga 2007. Rahoton farko da ya fito a Nuwamba ya yi zargin an biya kuɗin jiragen yaƙi 4 da masu saukar ungulu 12 da bama-bamai, ba a kawo ko ɗaya ba. Kanar Sambo Dasuki mai ritaya, tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, ya musanta zargin, an kuma tsare shi daga Disamban 2015 zuwa Disamban 2019. Hukunci na kotu ne, ba nawa ba. Abin da nake so ku riƙe shi ne, a Disamban 2014 kotun soja ta yanke wa sojoji 54 hukuncin kisa saboda sun ƙi fita fagen daga, su kuwa hujjarsu ita ce ba a ba su kayan aiki ba. Daga baya aka sassauta hukuncin zuwa ɗaurin shekara 10. Waɗannan samari sa'o'inmu ne, 'ya'yan talakawa ne irinmu. In muna maganar riba a wannan ciniki, to mu san da jinin wa ake auna ta.

Yanzu sai mu dawo gida. An kafa Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991, kuma har yau noma da kiwo su ne ƙashin bayanta. Ba mu da masana'antar ƙarfe. Ai ko ƙasar baki ɗaya, Ajakuta da aka kafa a 1979 har yanzu ba ta ba mu ƙarfen da aka yi alkawari ba. Saboda haka duk wanda ya zo ya ce muku za a ƙera tankar yaƙi a Kiyawa ko a Jahun, ku saurare shi da ladabi ku wuce. Haka kuma ina jan kunnen 'yan'uwanmu masu karatun injiniya da maƙeran ƙauyukanmu cewa Dokar Makamai ta 1959 ta haramta ƙera bindiga ba da izni ba, sabuwar dokar DICON kuma, wadda Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Nuwamban 2023, ta buɗe ƙofar haɗin gwiwa da 'yan kasuwa ne a ƙarƙashin lasisi da sa ido. Ba ta ce kowa ya hura zugazuginsa ba.

Abin da muke da shi, muna da shi da yawa. Kowace Alhamis kasuwar Maigatari tana cika da shanu da raƙuma da awaki da tumaki daga ƙasar Nijar da kewaye, tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma. Ga Shuwarin nan kusa da mu, ga Gujungu, ga Sara. Ku bi sawun fata guda daga mahauta. In ƙirgin sa ne, galibi sai a babbake shi ya tafi kudu ya zama ganda a cikin miya. In fatar akuya ce ko ta tunkiya, sai dillali ya barbaɗa mata gishiri ya kai ta masana'antun jima na Calawa ko Sharaɗa a Kano, a jeme ta, a loda ta zuwa Italiya ko Sifen. Can za a yanka ta a ɗinka, a buga mata tambari, wata ma ta dawo mana a kwali da farashin da ya ninka nata sau da yawa. Tun zamanin ayarin Sahara haka muke: fatar jar akuyar ƙasar Hausa ce Turawa suka sani da sunan fatar Maroko, don kawai ta tashar Maroko ta bi. Mu ke da akuya, wani ke da suna.

Ga misalin da ya dace da mu daga Indiya. Birnin Kanfur yau yana cikin manyan cibiyoyin fata na duniya, asalinsa kuwa bariki ne. Bayan boren 1857, Turawan Ingila suka ga hatsarin jiran sirdi da linzami daga Landan, sai suka kafa masana'antar kayan doki ta gwamnati a garin wajajen 1860. Bayan shekara ashirin wani kamfani mai suna Cooper Allen ya soma ɗinka wa sojan takalma. Odar soja ita ta koya wa dukawan garin aiki da ma'auni, ita ta ba su ciniki tabbatacce shekara da shekaru, da suka ƙware kuma sai suka shiga sayar wa duniya. Amurka ma, uwar masu wa'azin a buɗe kasuwa, tun 1941 take da doka, wadda ake kira gyaran Berry, da ta tilasta wa ma'aikatar tsaronta sayen abinci da tufafi da yadi na gida. Su da ke ƙera jirgin da ya fi sauti gudu ba su raina safar soja ba.

Ba sai mun je Indiya ba ma. A tsakanin 2016 da 2017 Gwamnan Abiya na lokacin, Okezie Ikpeazu, ya yi ta shelar cewa rundunar soja ta ba masu ɗinkin takalma na Aba odar takalmi ƙafa 50,000. Ina so mu yi ɗan lissafi a kan wannan adadi, domin a nan gizo ke saƙa. A ƙaddara baduku gwani yana gama takalmin soja biyu a yini, a ƙaddara kuma an ba da wata uku. Mutum guda zai yi 180. Ke nan ana bukatar dukawa kusan 280 suna aiki ba hutu, kuma dukansu su fitar da abu iri ɗaya, lamba 42 ta Gumel ta zama daidai da lamba 42 ta Ringim. Wannan shi ne bambancin sana'a da masana'anta. Badukunmu ya iya aiki, ba mai musu, amma ya saba auna ƙafar mai saye da zare, kowane takalmi da halinsa. Soja kuwa takarda yake kawowa: kaurin fata kaza, nauyi kaza, tafin roba mai jure zafin rairayi da man mota, ɗinki kaza a kowane inci, kuma za a zari samfur a kai ɗakin gwaji a lanƙwasa shi sau dubbai a ga inda zai tsage. Jimar bagaruwa da muka gada tana da kyau ga jaka da fatar salla da kube, amma saman takalmin soja yana son jimar zamani ta ƙirgin sa, manna tafin kuma sai da inji. Aba ta samu odar ne don dukawanta dubbai ne a wuri guda, suna da ƙungiya, suna da wanda zai sa hannu a madadinsu. Mu namu a warwatse suke, kowa a zaurensa.

Ilmin da za a cike wannan giɓi da shi bai yi nisa ba. Cibiyar nazarin fasahar fata ta ƙasa tana Samaru a Zariya. Muna da Jami'ar Tarayya a nan Dutse tun 2011, da kwalejin fasaha ta jiha, da ta tarayya a Kazaure. Ɗalibin kimiyyar haɗe-haɗe da ke neman abin da zai rubuta a shekararsa ta ƙarshe, me zai hana ya auna ƙarfin fatar da majemanmu ke jemewa, maimakon ya kwafo aikin da aka yi sau goma? A Maigatari kuma akwai yankin ciniki maras haraji da aka keɓe tun shekarun farko na wannan ƙarni, a bakin kasuwar dabbobin.

Abinci ya ma fi takalmi kusa da hannunmu. Fadamar Haɗeja tana ba da shinkafa da alkama, muna da gero da wake da gyaɗa da riɗi, akwai kuma injinan casar shinkafa na zamani a jihar. Rundunar soja tana da birged ta 26 mai motocin sulke a nan Dutse, ga 'yan sanda, ga jami'an kwastan da na shige da fice a kan iyaka, ga gidajen gyaran hali, ga sansanin masu yi wa ƙasa hidima a Fanisau da ke cika da matasa masu bukatar kaki da takalmi da abinci. Duk waɗannan bakuna ne masu ci kullum. Sojan da ke sintiri a daji kuma yana bukatar guzurin da ba ya lalacewa, mai ƙarfi, maras nauyi. Kakanninmu sun warware wannan matsala tun tuni da kilishi da dakuwa da dabino, ga shi kuwa tashar binciken dabino ta ƙasa a Dutse take. Abin da ya rage shi ne tsabta, da ƙunshi mai hana iska shiga, da lambar hukumar NAFDAC, da rubuta ranar da abu zai lalace. Na san wani zai yi dariya ya ce ɗalibin jami'a ya tara mutane yana yi musu tallar dakuwa. To, ya yi dariyarsa. Kamfanin Baykar na Turkiyya, wanda Nijeriya da Nijar suka sayi jiragensa marasa matuƙa, a 1984 ƙaramar ma'aikata ce mai yanka wa masu haɗa motoci ƙananan ƙarafa. Kamfanin Proforce na Jihar Ogun da Innoson na Nnewi, waɗanda ke sayar wa sojanmu motoci, su ma ba da rana ɗaya suka tashi ba. Motar sulke ta Ezugwu da aka ƙaddamar a Kaduna a Disamban 2019 tana bukatar kujeru da wayoyi da walda da fenti, kuma ba dole ne duk a yi su a Kakuri ba.

Doka fa, me ta ce? A Mayun 2017 Muƙaddashin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya sa hannu a kan umarni na 3, wanda ya wajabta wa ma'aikatu da hukumomin tarayya su kashe aƙalla kashi 40 cikin 100 na kuɗin wasu kayayyaki a kan na gida. A cikin jerin akwai kayan sarki da takalma, da abinci da abin sha, da kujeru, da motoci, da magunguna, da kayan gini. Kamar da mu aka rubuta shi. A Mayun 2025 kuma majalisar zartaswa ta amince da manufar fifita kayan Nijeriya a duk sayayyar gwamnati. A takarda dai ba mu da abin kuka. Amma Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007, wadda ta ce a yi shela a jarida, a yi gasa, a buɗe takardun masu nema a bainar jama'a, ita da kanta a sashe na 15 ta keɓe kayayyaki na musamman da suka shafi tsaron ƙasa, sai in shugaban ƙasa ya yarda a bi ta. Na yarda akwai abin da ya cancanci sirri. Ba wanda zai ce a buga a jarida irin na'urar da ake sauraren 'yan ta'adda da ita. Amma ina sirri a buhun shinkafa? Wane maƙiyi ne zai ci mu da yaƙi don ya san farashin bargo? Muddin aka bar mayafin tsaro ya lulluɓe har tukunya da takalmi, to mai injin casa na Birnin Kudu ba zai taɓa jin an yi shela ba, balle ya nema. A ganina wannan ita ce bukata ta farko da ya kamata wakilanmu a Majalisar Tarayya su riƙe: a raba kayan faɗa da kayan masarufi, na biyun a saye su a fili kamar yadda ake sayen allunan makaranta.

Yayyenmu ma'aikata sun fi ni sanin tarin takardun da ake nema, amma saboda ɗalibai bari in ambata. Sai kamfani ya yi rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, ya kawo shaidar biyan haraji ta shekara uku, da lissafin kuɗinsa da akanta ya tantance, da shaidar hukumar fansho da ta asusun horar da ma'aikata da ta inshorar ma'aikata, ya kuma shiga kundin 'yan kwangila na ofishin kula da sayayyar gwamnati. Tela mai keke uku a kasuwar Dutse ba zai iya wannan shi kaɗai ba, ko ya iya ba shi da jarin da zai jira biya. Dokar kuɗi ta 2020 ta ɗaga kafin alƙalamin da za a iya ba ɗan kwangilar gida daga kashi 15 zuwa kashi 30 cikin 100, amma sauran fa? A 2025 'yan kwangilar cikin gida sun yi ta zanga-zanga a Abuja a kan ayyukan da suka gama ba a biya su ba. Wanda ya ci bashin banki da ruwa ya yi wa gwamnati aiki, jinkirin wata tara ya isa ya rufe masa shago. Shi ya sa nake ganin ƙofar da ta fi dacewa da masu sana'armu a yanzu ita ce su haɗu a ƙungiyoyin gama-kai masu rajista, su fara da karɓar aiki daga hannun manyan kamfanonin da suka riga suka shiga, wannan ya yanka, wancan ya ɗinka, har su san ma'auni su kuma tara shaidar aiki.

A nan ne nake jin tsoro, kuma tsoron nawa mu ne, masu digiri. Mun san irin ɗan kwangilar da ƙasar nan ta fi haifa. Ba shi da inji, ba shi da ma'aikaci, ofishinsa jakar hannunsa ce da lambar wayar wani babba. In ya samu takardar odar takalmi sai ya sayar da ita, ko ya hau jirgi zuwa Sin ya sayo mafi araha, ya sa a buga masa tambarin gida. A lissafin gwamnati an sayi kayan Nijeriya, an cika kashi 40. A Maigatari kuwa ko fata guda ba a ƙara saye ba, sojan da aka ba takalmin kuma tafinsa ya ɓalle a cikin taɓon daminar farko. Mu da muka iya Turanci, muka iya cika fom, mu ne aka fi jarraba da zama irin wannan mutum, domin hanyarsa gajera ce. Ma'aikacin da zai karɓi kaya a sito ya sa hannu cewa sun cika ƙa'ida, shi ma daga cikinmu zai fito. Sa hannun nan na minti ɗaya ne, amma wani zai taka shi har Malam Fatori.

Kada kuma mu ruɗi kanmu da cewa samun namu a sama shi ne mafita. Alhaji Muhammad Badaru Abubakar, wanda ya yi gwamnan jihar nan daga 2015 zuwa 2023, ya riƙe Ma'aikatar Tsaro daga Agustan 2023 zuwa ƙarshen 2025, a lokacinsa ne ma aka sa hannu a sabuwar dokar DICON. Ban faɗi haka don yabo ko zargi ba. Minista ba ya iya ba da odar takalmi ga masana'antar da ba a gina ba, in kuwa ya ba ɗan garinsu don garinsu ɗaya ne kurum, to ya aikata abin da muke kuka da shi. Muƙami na shekara biyu ne ko huɗu. Injin jima, in an kula da shi, sai ya ga ministoci goma.

Malam Shugaba, ina da roƙo guda ga wannan ƙungiya tamu, wanda bai fi ƙarfinmu ba. A hutun da ke tafe kowannenmu zai koma ƙaramar hukumarsa, kuma a zauren nan da wuya a rasa ɗan kowace ɗaya daga cikin 27 ɗin. Kowa ya ɗauki littafi ya zaga garinsu ya rubuto majema nawa ne, dukawa nawa, teloli masu keken zamani nawa, masu walda da injinan casa nawa, me kowannensu ke iya fitarwa a mako, da wace wuta yake aiki, nawa yake kashewa a man janareto. In mun dawo sai 'yan sashen tattalin arziki su harhaɗa, mu buga a wannan mujalla, mu kai kwafe Ma'aikatar Ciniki ta jiha da Majalisar Dokoki, mu kuma nemi a ba mu takardar ma'aunin takalmi da kakin da hukumomin kayan sarki ke amfani da ita, mu fassara ta da Hausa mu raba wa masu sana'a. Ni na ɗauki Dutse da Kiyawa, sauran kuma sakatare yana da takarda a bakin ƙofa.